Wa Ya Kori Makaɗi Daga Filin Wasa?

Da zarar an kammala girbi, sanyin hunturu ya fara sauka, filayen makarantu a ƙasar Gumel sukan cika da 'yan ƙwallo. Lokacin gasa ke nan: kofin shugaban ƙaramar hukuma, kofin ɗan majalisa, kofin wani attajiri da yake hangen takara, ga kuma wasannin da makarantu suke shiryawa tsakanin gidajen ɗalibai. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, tsarin ranar wasan ƙarshe kusan ɗaya ne. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ware masu laushi domin manyan baƙi, a tayar da janareta, sannan a kawo DJ da kwamfutarsa da manyan lasifikoki ya yi ta sakin waƙoƙi. Idan wani mai kalangu ya ji labari ya zo, a bayan igiya zai tsaya. In ya matso kusa da rumfa, akwai wanda zai taso ya ce masa ya ja baya kada ya dami manya.

Da wannan tsari nake jayayya, kuma da mu 'yan boko nake yi, domin mu ne muke zama a kwamitocin shirya waɗannan wasanni, mu ne muke rubuta kasafin kuɗinsu. Mun cire makaɗi daga filin wasa muna ganin wayewa muka yi, alhali abin da muka cire shi ne kaɗai abin da wasan gida ya fi na talabijin da shi. Sakamakon a bayyane yake: matashin da yake iya biyan kuɗi ya shiga gidan kallo ya zauna a kan benci cikin zafi don ya ga Arsenal ko Real Madrid, shi ne ba ya iya taka ƙafa zuwa filin unguwarsu inda kallo kyauta ne.

Abin da Amurkawa suka gane

Bari mu fara da ƙasar da muke yawan kafa hujja da ita. A Amurka, wasan ƙwallon jami'o'i, irin tasu da ake runguma a gudu da ita, ya samo asali ne tun karawar da aka yi tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton ranar 6 ga Nuwamba, 1869. Yau filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Filin makaranta ne, kuma ɗalibai ne suke buga wasan.

Wanda bai sani ba zai ɗauka wasan kaɗai ne yake tara wannan jama'a. Ranar wasa a can tun da hantsi take farawa. Magoya baya sukan zo da motocinsu su cika wajen ajiye motoci, kowa ya sauke ƙofar bayan motarsa ta zama teburi, a hura gawayi a gasa nama, tsofaffin ɗalibai su haɗu da abokan da suka shekara ba su gani ba. A tsakiyar wannan liyafa ta bayan mota 'yan badujalar makaranta suke ratsawa, ɗalibai ne cikin kayan sarki, da ganguna da ƙahonin ƙarfe, suna tsayawa rukuni-rukuni suna buga taken makarantarsu. Wasu ƙananan ƙungiyoyin makaɗa kuma haya ake ɗaukarsu su yi wasa a gaban rumfunan masu hali. Kafin alƙalin wasa ya hura usur, jama'a sun riga sun zama abu ɗaya.

A jami'o'in baƙaƙen fata na kudancin ƙasar abin ya fi haka ƙarfi. Lokacin da jami'o'in Grambling da Southern suke karawarsu ta shekara-shekara a birnin New Orleans, ana ware dare guda domin gasar makaɗan makarantun biyu, kuma akwai masu zuwa don ita kawai. A 1989, da Faransa take bikin cika shekara 200 da juyin juya halinta, 'yan badujalar Jami'ar Florida A&M ne suka wakilci Amurka a faretin birnin Paris. Jami'o'i da dama suna rage wa ɗalibi kuɗin makaranta saboda ya iya busa ko kiɗa, suna kuma ɗaukar malami mai albashi wanda aikinsa ke nan ya horar da su.

Ba cewa nake a kwaso liyafar Amurkawa a kawo Gumel ba. Akwai giya a cikinta da wasu abubuwan da ba namu ba ne, ba ma kuma bukatarsu. Abin lura shi ne ƙasar da ta fi kowace kayan sauti na zamani ba ta sallami mai ganga ta ɗauko lasifika ba. Ta saka shi a kasafin kuɗi.

Namu ya riga nasu

Bahaushe bai jira wani ya koya masa cewa wasa ba ya tafiya sai da kiɗa ba. A tsarinmu na gargajiya kusan kowace sana'a tana da abin kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ranar gayya, komo na mafarauta, tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi kuma na fada. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da suke yawon yi gari-gari bayan kaka, da kalangu ya tashi, har yau kuma ba a raba su. Je ka gidan dambe a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja ka ga ko akwai ɗan damben da zai ɗaure hannu ya shiga fage ba a kaɗa masa takensa ba.

Ya kamata mu fahimci abin da kalangu yake yi, domin a nan ne bambancinsa da lasifika yake. Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana sauyawa da hawa da saukar murya. Kalangu yana da tsarkiya da ta haɗa fatun bakinsa biyu. In makaɗi ya matse ta a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Da haka yake kwaikwayon maganar mutum, har wanda ya saba ya ji sunan da ake kira da kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Ma'ana, makaɗi yana kallon wasa ne yana ba da amsa nan take. Ya ga wanda gwiwarsa ta yi sanyi ya tuna masa ko ɗan wane ne. Ya ga fage ya yi zafi ya sauya kiɗa. DJ kuwa waƙar da aka naɗa a Legas ko a Kano watanni da suka wuce yake saki. Waƙar ba ta san wanda ya ci ba, ba ta san sunan yaron Gagarawa da ya tare bugun fenareti ba.

Ga kuma maganar tarihi. 'Yan dambe nawa aka yi a ƙasar Hausa a ƙarnin da ya wuce? Ba su ƙirguwa. Amma sunan Shago ya tsallake zamaninsa ya iso ga yaran da ba su taɓa ganin ko hotonsa ba, saboda Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi masa waƙa. Jarida ba ta adana Shago ba, hukumar wasanni ba ta adana shi ba. Makaɗi ne ya yi. Yanzu a tambayi kowane matashi a Gumel wa ya ci ƙwallon da ta ba unguwarsu kofi shekara goma da suka wuce, a ga ko za a samu amsa ɗaya daga mutum uku.

Ba sai mun je nesa neman misali mai rai ba. Daga Maigatari, taku kaɗan ne ka shiga Jamhuriyar Nijar, inda kokawa ta zama wasan ƙasa. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohin ƙasar suke karɓar baƙuncinta bi da bi, gwamnati ce take ɗaukar nauyi, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. A wannan fage makaɗa da mawaƙa suna da wurinsu sananne, kowa ya san da su aka shirya taron. Hausawa ne irinmu, Musulmi ne irinmu, kasuwar Alhamis ɗaya muke ci da su a Maigatari. Su sun riƙe abin da muka yar.

Ita kanta masarautar Gumel, wadda ta kafu tun wajen 1750, ba ta kuma shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, ta yi yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram, ina aka ajiye labarin jarumanta kafin zuwan takarda da biro? A bakin maroƙan fada da cikin tambura. Ranar hawan salla kowa yana alfahari da su, muna ɗaukar bidiyo muna sakawa a Facebook muna rubuta cewa al'adarmu abin tinƙaho ce. Kwana uku bayan salla sai mu koma kallonsu a matsayin masu damun mutane.

Raini ne, ba wani abu ba

Mu faɗa wa juna gaskiya. Dalilin da ya sa kwamiti yake biyan DJ kuɗinsa cif tun kafin ya sauke kaya, amma yake barin mai kalangu da abin da ya tsinta a ƙasa, shi ne tsohon rainin da al'ummarmu take yi wa makaɗi. Mun gaji tsarin da ya ajiye makaɗa da mahauta da wanzamai a ƙasan tsani, har ana ƙyamar ba su aure. Boko da ya kamata ya kankare mana wannan sai ya ƙara masa fenti. Yaron da ya riƙe kwamfuta ma'aikaci ne a idonmu, dattijon da ya shekara arba'in yana sarrafa tsarkiya maroƙi ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne da waɗannan mutane muke cin abinci. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi cike suke da kundayen da aka rubuta a kan Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗanmaraya Jos. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da nazarin waƙoƙinsu, kuma aikinsa ya zama abin dogaro ga duk ɗalibin fannin. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Mutane sun sami digiri, sun sami ƙarin girma, sun zama shehunan malamai da fasahar makaɗa. Amma ɗalibin da ya rubuta jarrabawa a kan kiɗan maza da safe, da yamma in ya je filin makarantarsu waƙar da aka sauko da ita daga intanet zai ji. Muna girmama makaɗi in ya mutu ya shiga littafi. Mai rai kuwa, wanda yake zaune a bayan kasuwa, ba mu san sunansa ba.

Kiɗa kuma ba a littafi ake koyonsa ba. Yaro yakan fara ne da ƙaramar ganga irin kurkutu a bayan mahaifinsa, yana riƙe masa amo, shekara da shekaru kafin a miƙa masa kalangu. In uban ba ya samun inda zai yi wasa a biya shi, ɗan acaɓa zai tafi, ko ya bi motar shanu zuwa kudu, kuma babu mai ganin laifinsa. Ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidaje da na garuruwa da yake ɗauke da su a ka sun bi shi kabari. Wannan asara ba a gyara ta da taron ƙara wa juna sani.

Hujjojin masu ja

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin masu faɗa da zuciya ɗaya suke faɗa.

Na farko, addini. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, ni kuma ɗan jarida ne, ba ni da hurumin fatawa. Wanda ya ɗauki fahimtar cewa kiɗa haramun ne ya kuma nisance shi gaba ɗaya, ina girmama shi. Amma kwamitin da ya hana mai ganga shiga fili da sunan addini, sannan ya kunna lasifikar da ake jin ta a unguwa uku tana rera waƙar da ba za ka so 'yarka ta maimaita ba, ba addini yake karewa ba. Bai rage kiɗa ba, ƙara masa ƙarfi ya yi, ya kuma sauya wanda ake biya. In za a hana, a hana duka. In za a bari, a bar wanda za ka iya kiransa gefe ka ce masa kalma kaza ba ta dace ba, ya ji, domin ya san mahaifinka ka san nasa.

Na biyu, roƙo da bambaɗanci. Gaskiya ne, makaɗi yakan bar wasa ya koma gaban babban baƙo yana zuba masa kirari har sai ya ga hannu ya shiga aljihu, wannan kuma yana ɓata taro. To amma wa ya koya masa? Mutumin da ba a yi ciniki da shi ba, ba a ba shi ko kuɗin mota ba, ta ina ake so ya ci? A hana DJ kuɗinsa a ce ya dogara da abin da aka liƙa masa, a ga in bai fi kowa kiran sunan Alhaji ba. Ko yanzu ma da ake biyan sa, rabin abin da yake saki a kofin ɗan siyasa waƙar mai kofin ce. Maganin roƙo lada ne sananne da sharaɗi sananne.

Na uku, rigima. Ana cewa kiɗa yana zuga matasa, kuma ba ƙarya ba ne, ganga tana tayar da tsikar jiki, aikinta ke nan tun zamanin yaƙi. Sai dai a duba inda rigimar filayen ƙwallonmu take fitowa. A 2022 an hukunta Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa sau huɗu, aka rage mata maki saboda abin da wasu magoya baya suka yi wa motar Katsina United, a kakar da ta ƙare da faɗuwarta daga babban rukuni. Ba kalangu ne ya farfasa gilashin ba. Taron matasa da ba shi da mai ja masa gaba shi ne abin tsoro. Makaɗin da aka ɗauka aiki, wanda ya san za a tuhume shi in ya yi zambo ko habaicin da ya haddasa faɗa, yana da dalilin sanyaya fili, yana kuma da abin yin hakan a hammatarsa.

Na huɗu, kuɗi. Za a ce makarantun da ba su da isassun kujeru ina suka ga na makaɗa. Tambaya ce mai kyau, amma a buɗe kasafin kowace gasa a duba. Akwai hayar rumfa, akwai abincin manyan baƙi, akwai allunan karramawa da ake raba wa mutanen da ba su san ko sunan ƙungiyoyin da suka buga ba, akwai man janareta, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Ganga ba ta shan fetur. Kuɗin da aka ba makaɗin gari kuma a kasuwar garin zai kashe shi.

Abin da za a iya yi kafin kaka mai zuwa

Ba sabuwar hukuma nake nema ba, ba kuma kwamitin bincike ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar, kowace tana da jami'in da yake kula da wasanni. A sa layi ɗaya a kasafin kowace gasa: ladan makaɗa. A yi ciniki da su kafin ranar, a ba su wuri a gefen fili cikin inuwa, a gaya musu sharaɗi: babu roƙo lokacin wasa, babu waƙar jam'iyya, babu zambo. Kowace ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta zo da makaɗanta, a yi mata take nata. Masarauta ta san makaɗanta gida-gida, ta hannun hakimai da dagatai za a same su cikin mako guda.

Kwalejin Ilimi ta Gumel tana da damar da babu wanda yake da ita a yankin. Malaman firamare da na ƙaramar sakandare na gobe a nan ake horar da su. In ta gayyato tsofaffin makaɗa biyu ko uku ta riƙa biyan su alawus suna koyar da ɗaliban da suke so, ta kafa ƙungiyar kiɗa da za ta riƙa fita ranar wasannin kwaleji, cikin 'yan shekaru kowane malami da ya fita zai tafi ƙauyen da aka tura shi da abin da zai koya wa yara. Waɗanda suka yi firamare a shekarun baya suna tuna gangunan maci na ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, da yadda yara suke rububin a zaɓe su su riƙe ganga. Sha'awar tana nan, kayan ne suka ruɓe a sito ba a sake saye ba.

Sannan a bar ranar wasa ta zama ranar gari. A buɗe fili tun bayan azahar, a tsara wa masu tsire da masu fura da masu rake da masu awara wurinsu maimakon a riƙa korarsu, makaɗa su fara tun kafin 'yan wasa su fito. Gidan kallo yana da Salah da Mbappe, ba za mu taɓa yin gasa da shi a wannan ba. Abin da ba shi da shi, ba kuma zai taɓa samu ba, shi ne yaro ya ji an kaɗa sunan kakansa a gaban mutanen garinsu saboda ya zura ƙwallo a raga.

Kai da kake karanta wannan, wataƙila kana cikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko kana cikin waɗanda ake kai wa takardar neman gudummawa duk shekara. In ta zo bana, kafin ka tura kuɗi, ka tambayi mai kawo ta nawa aka ware wa makaɗa. In ya yi dariya, ka ce masa rabin gudummawarka nasu ne, kuma kana so a turo maka sunayensu.